"Wannan 'Yar Ina Ce?": Yadda Sunan Ƙasa Ke Sayar Da Riga A Maiduguri

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Akwai wata tambaya wadda da wuya a gama cinikin riga ko wando a Maiduguri ba a yi ta ba. Mai saye zai ɗaga riga, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya juya wuyanta, sa'an nan ya dubi mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan 'yar ina ce?" Amsar da aka ba shi ita ce ke buɗe bakin ciniki. In aka ce 'yar Turkiyya ce, kuɗi ya hau ke nan. In aka ce 'yar Caina ce, mai saye ya sami ƙarfin taya ta da araha. In kuwa aka ce 'yar Aba ce, sau da yawa sai a ajiye ta a yi gaba, ko da ɗinkinta ya fi na sauran ƙarfi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun daga watan Yuli na 2024 doka ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a kan Naira 70,000 a wata, ga abinci, ga haya, ga kuɗin makarantar yara. Mutumin da ya matse bakin aljihu ya ware kuɗin riga ɗaya, in aka sayar masa da suna maimakon riga, to an cuce shi. Haka kuma telan gida da ya ɗinka abu mai kyau, amma tilas ya liƙa masa sunan wata ƙasa kafin ya shiga kasuwa, shi ma an tauye shi. Saboda haka ya kamata mu duba, wane nauyi sunan ƙasa ke da shi a wurin masu saye, kuma wace gaskiya ke bayansa?

Manyan kaya da ƙananan kaya

Ga masu karatunmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan waɗanda suka daɗe ba su leƙo Yerwa ba, har yanzu mutumin Borno bai saki babbar riga ba, wadda Barebari ke kira kulwu. Ranar Juma'a, ko wurin ɗaurin aure, ko gaisuwa a fadar Shehu, manyan kaya ne ke magana. Amma sauran kwanakin mako labari ya sake. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ramat, da mai tuƙa keke Napep, da mai gyaran waya a wajen Gidan Waya, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, yawancinsu ƙananan kaya suke sawa, watau wandon jins, da riga mai gajeren hannu, da shat, da rigar 'yan ƙwallo. Tsakanin manya da ƙananan kuma akwai jallabiya da jamfa mara aiki, waɗanda magidanci ke zurawa da yamma ya tafi masallaci ko majalisa.

Cibiyar wannan ciniki ita ce babbar kasuwar gari da aka sani da suna Monday Market, sai kasuwar Gamboru da shagunan da ke jere a bakin manyan tituna. Kayan kuwa ba daga ƙasashen waje suke sauka kai tsaye a Maiduguri ba. Yawanci sai sun bi ta Kantin Kwari a Kano, ko Legas, ko Anaca, ko Aba. Daga nan kuma wasu su zarce ta Dikwa da Gamborun Ngala zuwa Kamaru da Cadi, wasu ta Damasak zuwa Diffa a Nijar, a duk lokacin da hanya ta yi lafiya. Kafin riga ta isa hannun wanda zai sa ta, ta ratsa hannu huɗu ko biyar, kowane hannu kuwa yana iya ƙara mata kuɗi, yana kuma iya ƙara mata labari.

Kowace ƙasa da matakinta

A bakin 'yan kasuwa, ƙasashe hawa hawa ne kamar tsani. A can sama akwai Italiya da Ingila, waɗanda sunansu ya tsaya tun zamanin iyayenmu, musamman wajen takalmi da bel da shat. Biye da su Turkiyya, wadda a shekarun nan ta zama ƙasar da samari ke ambata in suna son a san sun sa kaya. Sai Dubai da Saudiyya da Maroko wajen jallabiya. Sai Tailan wajen rigar ƙwallo. A ƙasa kuma Caina, a ƙarƙashinta kayan gida.

To, amma duk wanda ya zauna da masu shago ya san cewa waɗannan sunaye sun fi kama da ma'aunin daraja fiye da sunan wurin da aka ɗinka abu. In mai kaya ya ce riga 'yar Turkiyya ce, abin da yake nufi sau da yawa shi ne yadinta na da kauri, ba ta zuba in an wanke, wuyanta ba ya saki. In ya ce 'yar Caina ce, yana nufin ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Alhali kuwa masana'antun ƙasar Sin na yin kowane irin mataki. Ɗan kasuwar da ya je birnin Guangzhou, shi ne ke faɗin kuɗin da zai iya biya a kan kowace riga, su kuwa su yi masa daidai kuɗinsa. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Ƙasar da ta ɗinka rigar da ta koɗe bayan wanki biyu, ita ce ta ɗinka wadda ake sayarwa da tsada a manyan kantunan London.

Abin da 'yar takardar wuya ba ta faɗa

Mai karatu, ka san cewa ko a can ƙasashen Turai sunan kamfani daban, ƙasar ɗinki daban. Kamfanin Levi's, wanda ya fito da wandon jins mai ƙusoshi a aljihu a 1873 a birnin San Francisco, ya rufe masana'antunsa na ƙarshe a cikin Amurka wajen 2004, ya koma ba da kwangilar ɗinki a wasu ƙasashe. Haka akasarin manyan kamfanonin tufafi suka yi. Ƙasar Sin ce kan gaba a duniya wajen fitar da tufafin da aka ɗinka, Bangaladash da Biyetnam na biye. Duniya ta farga da wannan sosai ranar 24 ga Afrilu, 2013, sa'ad da benen Rana Plaza ya rufta kusa da birnin Dhaka, ya hallaka mutane fiye da 1,100, yawancinsu masu ɗinki, aka kuma tsinci tambarin kamfanonin Turai da Amurka a cikin ɓaraguzai.

Bugu da ƙari, riga ɗaya na iya zama 'yar ƙasa uku ko huɗu. Bangaladash ba ta noma audugar da za ta ishe ta, sayowa take yi, har daga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ana iya noma auduga a nan kusa da mu, a kaɗa zare a wata ƙasa, a yi rini a wata, a ɗinka a wata. Sunan da ake rubutawa a wuya na wurin da aka yi babban aiki na ƙarshe ne kawai. Jallabiyar da alhaji ya sayo a Makka ya kawo tsaraba, in aka juya wuyanta, sau da yawa za a ga a Sin ko Biyetnam aka ɗinka ta. Makka kasuwarta ce, ba mahaifarta ba.

Wannan duk in takardar ta faɗi gaskiya ke nan. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana sayar da tambarin kamfanoni da sunayen ƙasashe a ƙulle a ƙulle, kamar yadda ake sayar da maɓalli da zif. Masu ɗinki da masu takalma na kasuwar Ariaria a Aba sun daɗe suna faɗa da bakinsu cewa in sun rubuta sunan garinsu kaya ba ya tafiya, in sun rubuta Italiya sai a yi wawa. Abin ya kai har gwamnan Jihar Abiya na 2015 zuwa 2023, Okezie Ikpeazu, ya ɗauki tallar kayan Aba a matsayin aikin gwamnati, domin masu sana'a su daina jin kunyar sunansu. Abin mamaki kuma, kayan nan na Aba da muke rainawa, 'yan kasuwar Kamaru da wasu ƙasashen maƙwabta takanas suke zuwa sara.

Ko masu manyan kaya ba su tsira ba. Shaddar da ake kira gezna, kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, kamfanin da asalinsa ya koma 1818. Amma a kasuwa akwai shaddoji iri iri masu ɗauke da wannan suna a gefen yadi, waɗanda ba su taɓa ganin Ostiriya ba. Kama da wane ba ta wane, sai dai wanki na farko ne ke raba gardama.

Gwanjo da farin jininsa

Akwai wani sashe na masu saye da suka gaji da wannan caca, suka koma gwanjo. Ranar da aka fasa sabuwar dila, za ka ga samari sun yi dafifi tun da safe domin su sami zaɓen farko, ba kuma talakawa kaɗai ba, har da ma'aikata da 'ya'yan masu hali. Hujjarsu ita ce, rigar da aka ɗinka domin kasuwar Ingila ko Kanada, ko da wani ya taɓa sa ta, ta fi sabuwar da aka ɗinka domin kasuwarmu ƙarko. A nan ma sunan ƙasa na aiki, don ana bambanta dilar London da dilar Caina wajen kuɗi. Amma ka ɗauki riga daga dilar London ka duba wuyanta, ba mamaki ka ga Bangaladash ko Indiya ko Sin. Ashe abin da mai saye ke biya shi ne tsananin binciken da kantin Ingila ya yi kafin ya karɓi kaya daga masana'anta.

Kada a manta kuma, tufafin gwanjo na cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su. Ta tashoshin Kwatano da Lome ake sauke su, a tsallako da su ta ɓarauniyar hanya. Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, dila ta yi tsada, amma ba ta yanke ba.

Yaya aka yi muka zo nan?

Ƙasar Borno ba baƙuwar auduga ba ce. Sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851, ya tarar ana ciniki da gabaga, watau sawayen farin saƙi, a matsayin kuɗi. Ya kuma rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tumbutu da ƙasashen Larabawa na bakin hamada. A wancan zamani, in ana tambayar asalin riga, sunan garuruwanmu ake so a ji.

Ko bayan zuwan Turawa da yadinsu, an yi yunƙuri. Masaƙar Kaduna ta KTL ta soma aiki a 1957, da ƙoƙarin gwamnatin Sardauna tare da wani kamfanin Ingila. Sai Nortex da UNTL da Arewa suka biyo baya a shekarun 1960, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano da Funtuwa da Gusau ma suka sami nasu. Babban Bankin Nijeriya ya faɗa a 2019 cewa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ƙasar nan na da masaƙu fiye da 180 masu ma'aikata wajen 450,000, amma a lokacin da yake maganar waɗanda ke motsi ba su wuce 25 ba, kuma ana kashe fiye da dala biliyan 4 kowace shekara wajen shigo da yadi da tufafi.

Dalilan faɗuwar sanannu ne. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1975 sun koya wa ma'aikata son kayan waje, a lokacin da Naira ta fi dala daraja. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya Naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini suka gagara saye. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka sassauta hana shigo da yadi, fasa-ƙwauri kuma ya ƙarasa sauran. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Yaron da aka haifa a Maiduguri bayan wannan da wuya a ce ya taɓa sa yadin Kaduna, to yaya za a zarge shi da ƙin abin da bai sani ba?

A nan gida ma muna da misali. Kamfanin jima da takalma na Neital, wanda gwamnatin Borno ta kafa tare da Italiyawa, ya sha tsayawa da tashi. Fatar awakinmu da tumakinmu kuwa ana jeme ta a Kano a tura Italiya da Sifen, ta dawo mana a matsayin takalmi, mu biya ninkin ba ninkin muna murna.

Inda sunan gida ya fi tsada

Duk da haka, kuskure ne a ce mutumin Maiduguri ba ya son abin gida. Dubi hula. In ana cinikin hular zanna, wadda ake danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan ciniki da masana'antu a gwamnatin Tafawa Ɓalewa, tsanin nan juyewa yake yi. Ba mai tambayar ta Italiya ko ta Turkiyya. Tambayar ita ce, ɗinkin Bama ce? Ta hannu ce ko ta inji? Hular da aka yi makonni ana tsira mata allura ta fi ta inji kuɗi nesa ba kusa ba, ana kuma biya ba gardama, daga Kano har Abuja da Legas.

Sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama garin Bama a Satumba 2014, jama'arsa suka watso Maiduguri, da yawa ba su fito da kome ba sai sana'ar hannunsu. A sansanonin gudun hijira irin na Dalori, ɗinkin hula ya ciyar da gidaje masu yawa, mata da maza da yara. Gari ya faɗi, amma sunansa bai faɗi a kasuwa ba, domin aikin da ke bayan sunan bai canja ba.

Haka yake ga tela. Saurayi zai sayi yadin waje, amma jamfar da zai sa, telan unguwarsu ne zai yanka ta. Ba ya tambayar takarda, don ya san shagon, ya san mai shagon, in hannu ya yi gajere zai mayar a gyara. Wannan amana ce sunan ƙasa ke ƙoƙarin maye wa gurbi a wajen ƙananan kaya, inda mai saye bai san wanda ya ɗinka ba, ba shi kuma da wurin kai ƙara.

Aljihu ne alƙali

A 'yan shekarun nan masu shago da masu saye duk sun sha wuya. A Janairu 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya yi watanni cikin duhu, teloli suka koma janareta. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023 gobara ta cinye Monday Market, sai da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta sake gina ta. A Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki Naira, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura Naira 1,500. Ranar 10 ga Satumba, 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwa da gidaje, mutane da yawa suka fita da tufafin jikinsu kaɗai.

Wanda ya ratsa wannan duka, tambayar "'yar ina ce" ta zama ta biyu a wurinsa, ta farko ita ce "nawa ce". Mai sayen ta Turkiyya jiya ya sauko ta Caina mai kyau, mai sayen sabuwa ya koma gwanjo, mai sayen uku da salla ya koma ɗaya. Ana dai yin tambayar, domin ta zama makamin ciniki, kuma ba wanda ke so abokansa su ce ya sa ta banza. Amma a ƙarshe hannu da aljihu ne ke yanke hukunci.

Shawara ga mai saye da hukuma

Ɗan'uwa mai saye, maimakon ka tsaya kan sunan ƙasa, nemi ɗaya takardar da ke cikin gefen riga, wadda ke faɗin yawan auduga da na roba a yadin. A garin da zafi ke wuce awo 40 a watannin Afrilu da Mayu, rigar roba azaba ce ko daga ina ta fito. Juya rigar ka dubi ɗinkin ciki, ka ja shi kaɗan ka ga ko zare na buɗewa. Ja bakin wuya ka saki, ka ga ko ya koma yadda yake. Gwada zif sau biyu ko uku. Goga farin ƙyalle mai ɗan laima a jikin wandon jins ka ga yawan shuɗin da zai bari. In an ce maka ta Italiya ce amma kuɗinta bai kai na buhun gawayi biyu ba, ka san akwai magana. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Ga hukuma kuwa, takardu sun isa. A Mayu 2017 aka sa hannu a kan umurnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce ma'aikatun gwamnati su fifita kayan gida, har da yunifom da takalma. A Maris 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannunsa, a Oktoba 2023 ya janye hanin. A Mayu 2025 majalisar zartaswa ta amince da manufar sa Nijeriya a gaba wajen sayayya. Amma doka ba ta sa mutum ya so riga. Ga Jamhuriyar Benin nan kusa, ta kafa unguwar masana'antu a Glo-Djigbé, tana ɗinka tufafi da audugarta tana aikawa Amurka da Faransa da sunanta a wuya.

Abin da masu ɗinkinmu ke bukata shi ne wuta mai tsayawa, da yadi mai kyau a kusa, da rance mai sauƙi, da hukumar da za ta hukunta mai liƙa tambarin ƙarya, ko ɗan gida ne ko baƙo. Su kuma masu ɗinkin, wajibi ne su sa sunansu da na garinsu a kan aikinsu, su tsaya a kan inganci ko da riba ta ragu a farko. Masu hular Bama ba talla suka yi ba, aiki suka riƙe shekara da shekaru har suna ya bi su. Allah ya ba masu sana'armu ikon yin haka, ya kuma zaunar da Jihar Borno da ƙasa baki ɗaya lafiya.